Baraden Erminia Sun Farka a Teku

A garinmu Colbruna, idan yarinya ta kai shekara goma ba a tambaya ko ta iya girki, hannunta ake dubawa. In yatsun sun yi jajir sun tattare, to ta fara zama mutum, don alama ce ta soma tsoma hannu a tukunyar ruwan zafi tana warware zaren alharini daga gidan tsutsa. Erminia Dal Col ta fi shekara ashirin tana wannan aiki a rumfar zare da ke bakin rafi, ita da sauran mata, kowace da tukunyarta da murhunta. Sai aka gina wata ƙatuwar masana'anta a birni mai aiki da tururi, inda ’yar ƙwaila guda ke yin abin da mata huɗu ke yi a wurinmu. Mai rumfa ya daure shekara biyu, ya ga ba ci, ya rufe ƙofa ya sayar wa maƙeri da tukwanen. Matan suka ɗunguma birni neman aiki, aka ce musu yara ake so masu kaifin ido, waɗanda ba su koyi gardama ba tukuna. Erminia kuwa ta haura talatin da biyar, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, ga baki kamar reza. Ko ƙofar ba a bari ta shiga ba.

Hanya biyu ta rage wa irinsu. Ko dai mace ta tafi aikatau gidan masu hali a Venezia, ko ta haye teku. Ta farko dai Erminia ta rantse a gaban jama'a, a bakin rijiya, cewa hannun da ya taɓa alharini ba zai wanke ƙazantar gidan wani ba. Ta faɗa da ƙarfi, kuma da gayya, don a wurin akwai mata biyu da suka riga suka karɓi aikatau. Su kuwa ba su manta ba.

Ana haka sai wani Bortolo ya dawo daga Brazil da haƙorin zinariya da labari cike da baki. Yawancin abin da ya faɗa ƙarya ce, kowa ya sani, amma abu ɗaya ya shiga kunnen Erminia ya zauna. Ya ce a can ya ga itatuwan morer jere a bakin hanya, ganye shar, ba mai kula su sai awaki. Morer kuwa shi ne itacen da tsutsar alharini ba ta cin ganyen kowa sai nasa. A wurinmu kowane reshe da mai shi, har shari'a ake yi a kan ganye. Erminia ta kwana tana juya wannan magana. Ƙasa mai morer ba tsutsa, ga ta kuma mace mai tsutsa ba morer. Ta ga ai wannan ba ya bukatar dogon tunani.

Tana da iri, kuma ba na saye ba. Na mahaifiyarta ne, wanda ke yin gida ruwan ɗorawa mai kauri, kowace shekara ita da kanta take zaɓar iyayen ta bar su su yi ƙwai a kan wani ƙyallen lilin. Ƙwan ƙanana ne kamar kan allura, launin toka, manne da ƙyallen. Duk sanyin hunturu barci suke yi a ɗakin ƙasa inda ake ajiye giya. Sai ranar Waliyyi Markus, ƙarshen Afrilu, mata su naɗe ƙyallen su sa a ƙirji cikin riga, su tafi coci da shi Fada, limamin cocin, ya sa albarka. Bayan ’yan kwanaki sai tsutsotsin su fito, daidai lokacin da morer ke buɗe ganye. Barade muke ce musu, domin ci suke kamar sarakai, mutum yana tsaye a kansu yana hidima. Tun kakannin kakanni haka abin yake, ba a taɓa jin baraden da suka riga Waliyyi Markus tashi ba.

Saboda haka lissafin Erminia bai da wata matsala. Jirgin ruwa mai zuwa Brazil zai tashi farkon Maris, ya isa kafin wata ya mutu, ga sauran kusan wata guda na neman wuri da itace. Ta sa ƙyallen a gwangwanin shayi, ta huda murfin don iska, ta sayar da gado da akuya, ta kama hanya tare da Zita, ’yar ƙanwar mahaifiyarta. Zita shekararta goma sha tara, aikatau za ta nema a can kuma ba ta ɓoye ba, ta ce ita ko alade aka ba ta ta wanke za ta wanke muddin da nama a miya. Tare da su akwai Gwaggo Santa, tsohuwa daga ƙauyen gaba, za ta wurin ɗanta.

A Genova, inda suka shiga jirgin, sanyi ake yi mai ratsa ƙashi. Da aka saukar da mata cikin cikin jirgi, inda gadaje ke jere hawa-hawa, Erminia ta shafa bango ta ji wani wuri da ɗumi, ashe bayan ɗakin inji ne. Wata mata daga Calabria, can kudu mai nisa da mu, ita ma ta gano wurin. Aka yi cacar baki, kowace da yarenta, ba mai jin ta wata, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Erminia ce ta yi nasara, kamar yadda ta saba. Ta tura gwangwanin ƙarƙashin katifa can jikin bango inda ɓarawo ba zai kai hannu ba, ta kwanta tana jin daɗin wayonta.

Ita mace ce mai son sanin dalilin komai, jirgin kuwa ya ba ta abin kallo har ya yi yawa. Ta tambayi abin da ya sa ruwan ya sauya launi bayan sun wuce Barcelona. Ta tambayi inda tsuntsayen da ke bin su suke kwana. Wanda ke shan waɗannan tambayoyi shi ne Gaetano, mai rabon abinci, wani dattijo mai ƙafar gwame da ya yi shekaru yana bin wannan hanya. Har ya kai in ya hango ta sai ya ɗaga ludayi ya ce yau miya kawai ya kawo, amsa ta ƙare.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne zafi. Kullum aka wayi gari sai ta ji ya ƙaru. Mata suka cire mayafin ulu, suka cire safa, yara suka koma tsirara. A Maris. Ta tare Gaetano a bakin tukunya ta ce ya gaya mata gaskiya, wane wata ake ciki a nan.

“Maris ne, baiwar Allah, irin naku na gida.”

“To ina sanyin?”

“Kun baro shi a baya. Can inda za ku ma, Kirsimeti cikin gumi ake yin ta, Afrilu kuma ganye zuba yake fara yi.”

Ta yi dariya ta ce ya raina mata hankali, wata ai ba riga ba ne da za a sa shi a baibai. Ta karɓi miyarta ta nufi wurin zama tana murmushi. Ba ta kai ga zama ba murmushin ya ɗauke. Ta miƙa wa Zita kwanon, ta sauka ƙasa da sauri.

Gwangwanin ya yi ɗumi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Ta buɗe, ta kai ƙyallen wurin haske. Ƙwan sun bar launin toka sun yi fari-fari, kowane da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Ta san wannan launi kamar yadda ta san sunanta, sai dai ba ta taɓa ganinsa ba sai bayan an dawo daga coci. Ta ɗauke gwangwanin daga bango, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta yi ta fifita. Aikin banza, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari da safe ƙyallen ya cika da baƙaƙen zarurruka masu motsi, dubbai, kowane ya ɗaga kai yana neman ganye.

Kafin a ce haka mata sun cika wurin. Rabinsu ’yan ƙasarmu ne, kowace ta yi renon barade, saboda haka kowace malama ce. Aka shiga musu kan dalili. Gwaggo Santa ta ce a teku kwanaki sun fi sauri, ƙila ranar Waliyyi ta zo ta wuce ba su sani ba. Wata ta ce ƙarar inji ce ta tashe su, sun ɗauka ƙararrawar coci ce. Wata kuma ta damu da cewa ba a sa musu albarka ba, ko za su yi alharini na halal. Matar Calabria ta leƙo, ta ga abu yana motsi, ta ja ’ya’yanta baya tana cewa kwarkwata. Erminia dai ta san dalilin, kuma shi ya fi yi mata ciwo. Zafi ne, kuma ita ta yi faɗa ta kai su wurinsa. Duk rayuwarta ta san ƙirji ɗumi yake ba su, amma ba ta taɓa raba ɗumin da ranar ba, don a garinmu tare suke zuwa.

Aka gwada musu ɓawon dankali, suka ƙi. Aka yanka kabeji siriri, suka hau suka sauka. Wata ta murmusa burodi, wata ta kawo busasshen ganyen da take dafawa don ciwon ciki. Barade suka yi ta yawo a kan duk wannan kamar ba abinci ba ne. Sai Gwaggo Santa ta tuna wata shekara da ƙanƙara ta ƙone tohon morer, uwarta ta riƙe nata da ganyen latas har itatuwa suka sake toho. Ta ce ba ya ƙosar da su, amma da babu gara ba daɗi.

Latas a jirgi sai a benen sama, wurin masu hali, inda ake ajiye shi cikin ƙanƙara. Gaetano ya sosa ƙeya ya ce shi ba zai yi sata ba, amma akwai wata hanya. Wata Uwargida Ferrando, matar wani attajiri, tana da jariri mai gudawa, ’yar aikinta kuma tun Genova take kwance jiri ya kayar da ita. Tsummokaran yaron sun taru har mijin ya ƙaurace wa ɗakin. In akwai mai wankewa, shi zai sa baki a riƙa sako ganyen da ya rage.

Zita ta kalli yayarta ta gefen ido. Erminia ta kalli ƙyallen.

“A sauko da su,” in ji ta.

Haka aka fara. Kowace safiya sai a zuro kwando da igiya daga benen sama, ta ɗauka ta tafi wurin famfo ta wanke, ta shanya, ta naɗe, ta mayar. Da yamma kwandon ya dawo da ’yan ganye a ƙasa. Ta yi wankin da kyau, don ba ta iya aikin ha'inci ba, har uwargidan ta leƙo ta kan ƙarfe ta ɗaga mata hannu. Zita ba ta bar wannan dama ta wuce ba.

“Yaya, ashe hannun alharini ma ya iya kashin jarirai.”

“Wannan ba aikatau ba ne, musaya ce. Ni ba kuɗinta nake karɓa ba.”

“To. Allah ya ba da kasuwa.”

Barade suka ci latas kamar mai shan magani. Wasu cikinsu ya ɓaci suka narke, kullum da safe sai ta tsince matattu da gashin kaza. Waɗanda suka rage ba su girma ba, ba su kuma mutu ba. Suna nan sirara, sukan ɗaga rabin jikinsu sama suna kaɗa kai hagu da dama. Wannan kaɗa kai shi ya hana ta sukuni. Tausayi ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta, kuma tana jin haushin kanta da take jin sa a kan tsutsa. Amma ta ƙidaya a ranta, ko kashi ɗaya cikin goma suka kai, sun isa a samu iri na baɗi.

Sai Gaetano ya ce nan gaba kaɗan za a tsaya a wani tsibiri, São Vicente, a ɗauki gawayi, kuma mutanen wurin kan zo da kwale-kwale suna tallar kayan marmari. Ta tambaye shi ko suna da morer. Ya ce shi ɗan teku ne, itace ɗaya ya sani, wanda ake yin akwatin gawa da shi.

Da hantsi suka isa. Erminia ta hango duwatsu jajaye tsirara, ko ciyawa babu. Amma ga kwale-kwale sun kewaye jirgin cike da lemo da ayaba, ta ce inda aka samu waɗannan ai akwai lambu. Ta kutsa cikin jama'a har bakin ƙarfe, ta leƙa ƙasa, ta haɗa hannu a baki.

“Morer! Morer!”

Masu tallar da ke kusa suka bar talla suka ɗago kai. Wani ya cire hularsa. A cikin wani ƙaramin kwale-kwale akwai wata tsohuwa baƙa da ɗankwali ja, ita da wani mutum mai tuƙi. Ta miƙe tsaye, ta yi alamar gicciye, ta maimaita kalmar tana tambaya. Erminia ta ji daɗi, ta gyaɗa kai da ƙarfi. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama, sannan ta sauke shi ƙasa, wato babba ko ƙarami. Erminia ta ɗauka masu cin ganyen ake nufi, ta nuna ƙanana, ta rungume hannu a ƙirji don ta nuna yadda ake renonsu, ta shafa ciki don yunwa, ta buɗe yatsu goma ta rufe ta sake buɗewa don yawa. Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka. Ta yi wa mai tuƙi magana, suka juya suka nufi gari da sauri, ga lemonsu ba su sayar ba.

Erminia ta dawo tana taƙama. Ta ce wa matan ai magana in ta gaskiya ce ko'ina ana jin ta, morer morer ne har a bangon duniya. Aka shirya katako da wuƙa don yanka ganye. Gwaggo Santa ta ja kunne kada a ba su da yawa lokaci guda bayan wannan yunwa. Duk yinin nan ƙurar gawayi na zuba, mutane sun gudu ƙasa, Erminia na tsaye a bakin ƙarfe fuskarta ta yi baƙi ƙirin tana duban gari.

Sai da jirgi ya yi kukan farko na tashi sannan kwale-kwalen ya ɓullo. Aka zura igiya, tsohuwar ta ɗaura wani ƙunshi. Erminia ta jefa mata kuɗi a ƙulle cikin tsumma, tsohuwar ta cafe ta sake jefowa sama, ta dafa ƙirjinta tana girgiza kai. Idanunta sun yi ja.

Ƙunshin ba nauyi. Erminia ta kwance shi a gaban matan. Kyandir ne guda biyu, da ɗan gicciye na itace, da farin ƙyalle sabo, wankakke, wanda bai wuce a naɗe jariri ba. Ko ganye ɗaya babu.

Aka yi ta juya kayan ana kallon juna. Gaetano, wanda ya yini a wurin lodin kaya, ya zo wucewa ya gani, ya tsaya ya tambayi wa ya rasu. Aka ba shi labari. Ya sa Erminia ta sake faɗin kalmar yadda ta faɗe ta, ta faɗa. Ya zauna a kan wani akwati yana share gumi.

“Baiwar Allah, a bakin mutanen nan wannan kalma mutuwa take nufi. Kin tsaya kin shaida musu ana mutuwa, ƙanana, masu yawa, da yunwa. Ki gode wa Allah likitan tashar bai ji ba, da yanzu an tsare mu a nan.”

Zita ta fashe da dariya, wasu suka taya ta. Ta dubi fuskar yayarta, dariyar ta tsaya da kanta. Erminia ta koma bakin ƙarfe. Jirgi ya fara motsi, kwale-kwalen na can baya, tsohuwar na zaune ba ta daina kallonsu ba. Matar nan ta bar cinikin yini guda, ƙila ta bi gida-gida kafin ta samu farin ƙyallen, saboda ’ya’yan baƙin da ba ta taɓa gani ba. Kunya ta rufe Erminia, da godiya, da wani baƙin ciki mai nauyi. Ta ɗaga mata hannu har ta daina ganinta.

“Ashe ta ji ni sarai,” ta ce a hankali.

Sannan ta juya wurin Gaetano, don ko a wannan hali tambaya ba ta barin ta. Ta ce wannan yaren, shi ake yi a Brazil? Ya ce shi ne. Ta ce to ya ake kiran itacen a can? Ya buɗe hannu ya ce bai sani ba.

Bayan tsibirin latas ya fara ruɓewa a ɗakin ƙanƙara, abin da ake sakowa ya zama laushi mai ruwa-ruwa, daga baya ma aka daina. Zafi ya ƙaru. Barade suka daina kaɗa kai. Wata safiya ta taɓa su da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya motsa. Ta tattara su har da ƙyallen mahaifiyarta, ta naɗe cikin farin ƙyallen tsohuwar, ta ɗaure. Gwaggo Santa ta yi ’yar addu'a, ta ce ba ta san ko ya halatta ba amma ba zai yi illa ba. Erminia ta saki ƙunshin a ruwa, ya ɗan yi yawo a kan kumfa kafin jirgi ya wuce shi.

Tana nan tsaye sai ta ji abu ya taɓa mata kafaɗa. Kwando ne, an zuro shi daga sama kamar kullum, cike da tsummokara. Can sama ba wanda ya san an yi wani rashi.

Zita ta kama igiyar. “Bari in girgiza musu su ja abinsu, Yaya. Musaya ta ƙare.”

Erminia ta riƙe hannunta. Ta daɗe tana duban kwandon, sannan ta kwance shi daga igiyar ta ɗora a kwankwaso.

“Je ki nemo min Gaetano,” in ji ta. “Ya tambayar min uwargidan, in mun sauka, ko tana da mai wanki.”